Likitan da ya ce bai sani ba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba, yaya su Auta? Ni lafiya lau nake, gidan Goggo ba a rage ni da komai ba.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Gwajin watan jiya ya nuna ƙwayar ƙanjamau ta ƙaru a jinina, alhali ban taɓa tsallake magani ba. Na yi kuka a banɗakin asibiti, amma kaɗan.

Likitana yaro ne, gemunsa ma bai gama fitowa ba. Ya duba sakamakon ya ce, "Ƙanwata, ban sani ba, bari mu tambayi malamata." A gabana ya kira wata babbar likita a waya, bai faɗi sunana ba. Maimakon ta ba shi amsa, sai ta ce, "Me ka manta ka tambaye ta?" Ya yi ta susar kai, can ya juyo ya ce me nake haɗawa da maganin. Ashe ƙwayar ƙarin jinin da Goggo take ba ni kafin karin kumallo ce take rage masa ƙarfi. Yanzu an raba musu lokaci, za a sake gwaji nan gaba.

Ki sa ni a addu'a, ki kuma aiko min da zanen nan shuɗi.

Goggo ta ce likitan da yake tambaya ba likita ba ne, mu canza asibiti. Amma ranar da ya sa min, wurinsa zan koma, ko da ni kaɗai ce.

Allah Ya ƙara miki lafiya.

'Yarki