Jajiberin Ajali

Utaibiyya, Makka

Zuwa ga aminina Alhaji Mahmudu a Madina,

Bayan sallama da fatan kunnen naka ya yi sauƙi. Na san ba ka jin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ɗana Majid, mai karatu a Sifen, kwana huɗu ke nan ba mu ji muryarsa ba. Jiya matar da yake haya a gidanta ta turo hoton mota a kife, da rubutu layi ɗaya: "Nadie se muere la víspera." Jikata Rumasa'u ta sa wayarta ta fassara, kalma biyu kawai na riƙe, mutuwa da jajiberi. Ranar da ya yi shiru kuwa jajiberin Sallah ce.

Ban gaya wa uwarsa Asiya ba. Amma na yi wa mai hayar kujerun zaman makoki magana, na kuma sayi shinkafa. Kai ka zauna shekara goma sha biyu a Malabo, inda ake yaren Sifen, ka ji shi. Faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Ka huta lafiya.
Mukhtaru

Zuwa ga Mukhtaru,

Wa'alaikumus salam. Ka sallami mai kujeru.

Tsufa ya sa ka ɗauki waya malama? Karin magana ce. Ma'anarta, ba mai mutuwa a jajiberin ajalinsa, sai ranar ta cika. Wayar ta tsinto maka kalma biyu, kai kuma ka tsallake "ba mai" da ke gabansu. A Malabo ba a faɗa wa masu makoki ita. Wanda ya tsallake rijiya da baya ake gaya wa, kamar yadda mu muke cewa da sauran shan ruwansa. Su suna kiran abin sa'a, mu mun san sunansa ƙaddara.

Ban ga yaron da idona ba, saboda haka ba zan rantse ba. Ka sa Rumasa'u ta rubuta wa matar gidan hayar kalma ɗaya, "hospital", da alamar tambaya.

Naka,
Mahmudu

Alhaji Mahmudu,

Sallama da godiya. Majid ya yi magana daga asibiti bayan la'asar. Ƙafa ce ta karye, wayarsa kuma ta farfashe.

Asiya ta ji komai, har zancen kujeru, kuma tun ɗazu fushi take yi da ni. Shinkafar dai ta karɓe, za ta dafa sadaka ranar Juma'a. Ta ce ka zo, kai za a fara zuba wa.

Wassalam.
Mukhtaru