Kwalin da Na Hura Wuta da Shi

Azare,
14 ga Janairu, 2024.

Zuwa ga ƙanwata Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Gamawa lafiya, kin samu su Inna da Baba ƙalau. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Zarami, ya ba ki ladan takabar da kika yi masa. Ya Nana Aisha da Yunusa?

Kin tambaye ni a waya me ya sa Nana ba ta karɓa idan na ce a ba ta, na ce miki ƙuruciya ce. Ƙarya na yi miki. Bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro, ga rubutun nan kamar kaza ta yi tonon ƙasa, sai ki yi haƙuri da shi.

Kin san halin mijinki da kwali. Duk wanda ya zama fanko a shagonsa, na taliya ne ko na sabulu, gida yake kawowa. Ranar Juma'a in an sauko masallaci ya baje a tsakar gida da almakashi, yara sun kewaye shi. Kin kuma san abin da nake ce masa: ƙato da gemu ya rasa abin yi sai tara shara. Ƙanena ne, ni na goya shi, ina ganin ina da bakin faɗa.

Ranar sadakar uku ruwa ya kwana yana zuba, itace ya jiƙe sharkaf, ga baƙi cike da zaure ana jiran waina. Na hura, na hura, hayaƙi kawai. Sai na tuna da tulin kwali a ƙarƙashin gadonsa. Na kwaso, yankakku ne, an ɗaure da zare. Ban tsaya dubawa ba, na dinga cusawa a murhu, har ina jin daɗi wai yau dai sharar Zarami ta yi rana. Saura guda a hannuna Nana ta iso. Ba ta yi kuka ba, hannuna kawai take kallo. Na juya kwalin, sai ga rubutunsa: lamba tara, da sunanta, da ɗan layi inda za ta manna. Babbar motar da ya yi mata alkawari ce. Da ciwo ya kwantar da shi ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya sa wa kowace lamba, don ta iya haɗawa ko ba shi.

Abin da ya fi ci mini rai, Suwaiba, kunya ta sa na daka mata tsawa ta ba ni wuri, na jefa na taran ma a wuta. Tun ranar ba ta ƙara haɗa ido da ni ba, kuma na ga ko ke ba ta gaya wa ba.

Ga shi Kawu Babakura ya tsayar da magana, bayan ƙaramar Salla za a kawo mini ita riƙo, yadda Zarami ya yi mini alkawari tun ranar sunanta. Shekara ashirin da biyu ina gidan Malam Gali ban taɓa goyon nawa ba, kin san yadda nake jiran yarinyar nan. Ina tsoron ta zo da wannan a ranta. Ki ba ni shawara.

Ki gaida su Inna, ki shafa mini kan Yunusa.

Yayarki,
Gumsu.

Azare,
25 ga Fabrairu, 2024.

Ƙanwata Suwaiba,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Inna, ƙafar ta saki? Saƙonki ya iso, na gode da ba ki ƙullace ni ba, ko da yake da kin zage ni da na fi samun sauƙi.

Ki shirya dariya. Yayarki ta shiga makarantar kwali. Malamaina Rukayya da Bahauddeen ne, 'ya'yan maƙwabta, cikin waɗanda suke zama wurin Zarami. In na tashi daga suyar waina sai mu shimfiɗa tabarma. Rukayya shekararta tara, amma faɗa take yi mini kamar uwar miji. Wai ba a yanke kwali a wurin lanƙwasa, bayan reza ake ja a hankali sai ya karyu da kansa. Wai ƙaron da na jiƙa ya yi ruwa. Taya kuma daga tsohon silifa ake yankowa, a soke da tsinken tsire. Na yanke yatsa sau biyu. Motata ta farko da aka tura ta, gefe ta nufa kamar akuyar da aka ja da igiya, yaran nan har da faɗuwa ƙasa. Malam Gali ya leƙo, ya girgiza kai, ya koma.

Abin da ban zata ba, daɗi abin yake da shi. La'asar take yi ban sani ba. Yaro in yana yanka, bakinsa ba ya shiru, duk abin da ke cikinsa sai ka ji. A wata guda na san yaran nan fiye da sanin shekara tara. Ashe abin da ƙanena yake samu ke nan, ni ina tsaye a kansa da tsintsiya. Sau nawa ya ce in zauna in riƙe masa gefe, na ce ina da aikin yi.

Kuma sai yanzu na san nauyin abin da na ƙona. Ni da lafiyata, kwana huɗu na yi kafin in fitar da gefe ɗaya miƙaƙƙe. Shi da hannunsa ke rawa, ko kofi ba ya iya riƙewa, ya yanka goma sha wani abu. Ranar da na gane haka na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Ga mota nan na ba direban Gamawa, ta biyar ce, ita ce mai dama-dama. Kada ki ce mata madadin ta babanta ce, ba ta kai ba. Ki ce Goggo ce ta yi da hannunta, kuma tana ba ta haƙuri.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Yayarki,
Gumsu.

Azare,
13 ga Afrilu, 2024.

Ƙanwata Suwaiba,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, Allah ya karɓi ibadunmu. Ina fatan kowa lafiya.

Na karanta takardarki sau uku. Kin ce Nana ta karɓi motar da hannu biyu, ta ce a yi mini godiya, ta miƙa wa Yunusa. Kin ce da aka gaya mata tafiya ta zo ba ta yi musu ba, ita da kanta ta ɗaure kayanta. Har na fara murna, sai na kai inda kika ce ta kwashe almakashinta da kwalayenta ta kai ɗakin Inna, ta roƙa a ajiye mata har ta girma, wai gidan Goggo ba a zuwa da su.

Kin rubuta shi a ƙarshe kamar ƙaramin abu, amma na san don in gani kika rubuta, kuma na gani. Yarinyar za ta zo, ta yi mini biyayya, ta share gida, ta gaishe ni safe da yamma. Abin da take ƙauna kuwa ta riga ta ɓoye shi inda hannuna ba zai kai ba. Shekara takwas gare ta. Ni na koya mata wannan.

Jiya na je wurin Kawu na ce na janye. Ya yi faɗa sosai, ya ce alkawarin mamaci ba abin wasa ba ne. Na ce masa Zarami ya yi mini alkawari ne lokacin da bai san abin da zan yi ba. Daga baya ya sauko, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son yarinyar nan har cikin raina, kuma ban san yadda zan yi da ɗakin da na share mata ba. Amma ki bar ta a wurinki. In wata rana ita da kanta ta ce za ta zo Azare, ko yini ɗaya ne, ki sa ta a mota. In ba ta ce ba, kada ki tuna mata.

Ki kwance mata kayan nan yau, kada ta ƙara kwana tana kallonsu a ɗaure.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Gumsu.