Huɗu da Minti Sha Bakwai

Yakasai, Kano.

Zuwa ga ɗan Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyalinka, Ya sawwaƙe muku sanyin Jamus. Babanka ƙafar ta yi sauƙi, har masallaci yana zuwa ba sanda. Ƙaninka Ɗanladi ya yi zazzaɓi kwana uku, ya tashi. Kakarka 'Yardada ce har yanzu tari ya ƙi sakinta. Ƙanwarka Firdausi ba ta da zance sai na bikinta. Ni ma da sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ranar Litinin ka turo saƙo cewa an karɓi gyaran da ka yi wa manhajar nan taku. Na yi murna, har sadakar waina na yi. Washegari goggonka Talatu ta zo daga Gwammaja, tun daga zaure take faɗin ita ka fara gaya wa, wai ɗa ya san bayan da ya goya shi. Na ɗauko wayata, ta ɗauko tata. Nata saƙon ƙarfe huɗu da minti sha bakwai, nawa ma haka. Firdausi ta ce an yi canjaras, kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ban manta bayanin da ka yi mana a tsakar gida zuwanka na bara ba, ina tsintar shinkafa kamar ba na ji. Ka ce saƙo ba ya tafiya ɗungurungum, gutsuttsura shi ake yi, manhajarku kuma tana tsaye a hanya kamar mai tsaron ƙofa, tana rubuta lokacin da kowane gutsure ya wuce. Ka ce idan biyu suka wuce dab da juna sai ta ba su lokaci ɗaya, a kasa gane na gaba, shi ya sa kake son raba daƙiƙa gida biliyan. Goggonka gyangyaɗi ta yi a wannan bayani. Ni na riƙe shi. To kai da ka iya wannan, ba za ka ce min minti guda ya gagare ka ba. Dole wata ta riga wata.

Ba na raina wahalar Talatu. Kana wata ashirin aka kai ka yaye wurinta, ba a dawo da kai ba, ni kuma kunyar ɗan fari ta hana ni tambaya. Ita ta kai ka makaranta, ita ke kiran sunanka a gaban kowa, ni kuwa har yau bakina bai taɓa faɗinsa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kishi nake yi. Ranar da malamarmu ta ce kowa ta rubuta kalmar da take so, mata suka rubuta sunayensu, ni naka na rubuta, na rufe da hannu.

Ka gaida matarka Rahma da kyau, ka shafa min kan jikata Halima. Babanka da 'Yardada suna gaishe ka.

Bikin Firdausi Asabar ta sama ne, kuma na san Talatu za ta maimaita maganar a gaban dangi. Ka duba, ka ba ni amsa kafin Juma'a. Kada ka yi min kara. In ita ce gaba, ka faɗa, zan daure. Amma wani karon, Mubarak, ka bar ni in riga ta, ko da gida ɗaya ne cikin biliyan ɗin nan.

Mahaifiyarka,
Asibi