Ƙarar babur ɗina a hanyar Danko

Daren Asabar, Zuru.

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau na fara fita da ƙaton babur ɗin da na saya don in riƙa zuwa Haɗeja gaida Inna, in huta da zaman jiran mota a tasha. Na ce bari in gwada shi a hanyar Danko.

Ina shiga wani ƙauye, injin na ruri, sai na ga mata suna watsar da kayan tallarsu suna faɗawa cikin dawa. Kafin in tsaya samari sun kewaye ni da gorori. Na cire hular kwano, na ce ma'aikacin asibiti ne ni a Zuru. Wani ya ce, "Ku ji Hausarsa ma, ba tamu ba ce!" Ni da na yi shekaru ina ɗaure musu rauni!

Wani dattijo ya tsawatar musu, ya dube ni. "Malam, mu nan in mun ji irin wagga ƙara ba mu tsayawa duba fuska. Ga jikata can ta faɗi garin gudu."

Na so in yi faɗa, amma da wa? Ɓarayin daji sun kwashe musu shanu, ni kuma sun hana ni jin daɗin abin da na saya da gumina. Allah ya isa.

Na wanke wa yarinyar gwiwa. Dattijon ya ce kada in kunna babur ɗin sai na ƙetare rafi. Haka na tura shi cikin rana, yara na bina suna dariya. Gara dai dariyar da gudun.