Kwanon da Bukar Ya Zaɓa

Laraba, bayan sallar Isha, 1966

Abincin ma na kasa ci. Shekara tara ina wanke wa Baturen likitan nan kekensa na naɗe igiyar fatsa, da kananzir da gashin kaza, duk sanda ya dawo kamun kifi daga Alau, keken cike da yashi. Yau ya zo rumfarmu ta gyaran agogo a Gamboru da littafin hotunan kaya daga Ingila. Wai akwai wani kwanon lantarki mai girgiza ruwa da ƙarar da kunne ba ya ji, datti ya fita da kansa, zai sayo mana don wanke keken. Sai ya miƙa wa Bukar littafin, ya ce shi zai zaɓa. Bukar da ni na koya wa riƙe sukuddireba!

Ya nuna ƙaramin, mai ƙyalli, irin na agogo. Ya juyo ya ce, "Yaya Audu, ya yi ko?"

Na san faɗin keken nan kamar tafin hannuna. Ko rabinsa ba zai shiga ba.

Na ce, "Ya yi kyau, Bukar."

Wata uku kafin kwanon ya iso. Allah Ya yafe mini, amma na ƙosa in ga ranar.