Muryar Da Ta Fito Da Su

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, don ni ma ban bar kaina ba.

Soja ne ni a ƙasarmu, na gudo. Yanzu ina wata ƙasa, dako nake yi a kasuwar Tudu, ina kwana a unguwar Maamobi, kowa ya ɗauka ci-rani ya kawo ni. Na shiga aikin soja da zuciya ɗaya, ina ganin talakawa zan kare. Wata rana aka kai mu wani ƙauye, aka ce suna ɓoye 'yan bindiga. Mutane sun kulle kansu a ɗakuna. Oga ya miƙo mini lasifika saboda ina da murya, ya ce in kira su. Na ce, "Ku fito, wallahi ba abin da za a yi muku, tambaya ce kawai." Na rantse musu da Allah, jama'a, kuma ni ma na yarda da abin da nake faɗa! Mazan suka fito. Abin da aka yi musu ba zan iya rubutawa ba. Ban harba ko ɗaya ba, amma waye ya fito da su? A makon na tuɓe kaki na gudu, har yau muryata nake ji a kunnena.

To a lungunmu akwai wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai, zan kira ta Inna. Da ta ji Hausata ta gida ce sai ta riƙe ni kamar ɗa, kullum sai ta ƙara mini ƙosai. Rannan muna hira ta faɗi sunan ƙauyensu, ashe ƙauyen nan ne da aka kai mu. Ta ce, "Ranar da sojoji suka zo, ɗana yana ƙarƙashin gado, ni na ce ya fita, tunda mutumin ya rantse. Ban ga fuskarsa ba, amma muryar nan ta lasifika, ko a kabari na ji ta zan gane." Ta gyara mini hula tana cewa in ci, na rame.

Tun daga ranar ƙasa-ƙasa nake magana. Sai ga shi ladaninmu ya kwanta ciwo, liman kuwa ya taɓa jin karatuna. Ya dafa ni a gaban mutane, ya kira ni Masa kamar yadda ake kiran namiji a nan, ya ce da Hausarsu, "Masa, murya naka ya yi daɗi paa, sosai. Jumma'a kai ne za ka kira salla, no excuse." Inna ta fi kowa murna, wai za ta bar kasko ta saurara. Teburinta yana ƙarƙashin lasifikar masallacin.

In sake gudu? In je in durƙusa in gaya mata, in raba ta da ɗa na biyu? Ko in bari ta ji daga sama, ina kiran mutane su fito?

Jibi ne Jumma'a. Ku gaya mini, me zan yi?