Kofatan Icce Huɗu da Ka Bar Mini

Zuwa ga abokina kuma sa'ana, Ayuba mai gadin Kurmin Gora, wanda ya riga mu tafiya gida.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kana hutawa. In ka tambayi lafiyarmu, muna nan, sai wannan gwiwa tawa da ke sanar da ni ruwa tun hadari bai haɗu ba. Saratu matarka lafiya lau take. An fara cin sabuwar doya, citta kuma ta yi kyau bana daga nan har Fadan Kagoma. Na san kai ba ka taɓa yarda ka koyi karatu ba, ka ce takarda ta masu zaman kujera ce. Ƙila a can an shawo kanka. In ma ba a shawo ba, akwai masu leƙe ta kafaɗata da yawa, su karanta su sha labari.

Ba don kewa kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Ina da magana da kai, kuma ba mai daɗi ba ce.

Da aka tashi zaman makokinka a farkon damina, Saratu ta kawo mini wani buhu ɗaure da igiya. Ta ce, "Ya ce na Malam ne, kada wani ya buɗe." Na ɗauka tsoffin tarkunanka ne, na jefa shi bayan ƙofa. Sai bayan mako biyu na kwance. Ayuba, kofatai huɗu na samu, na itacen ƙirya, an sassaƙa su tsaf, kowanne da ɗan mariƙi kamar na taɓarya. Biyu manya na ƙafar gaba, biyu ƙanana na baya. A tsagar kowanne akwai busasshiyar jar laka ta bakin rafi. Na zauna a bakin gado ina juya su a hannu har kunun da aka kawo mini ya huce.

Kofaton ɓauna ne. Wa zai sani kamar ni, da na shekara goma sha biyu ina nuna wa baƙi sawunsa a ƙasa?

Ka tuna muna samari, kafin ni in tafi makarantar mishan kai ka bi baka da kibiya, mun taɓa hawa kan dutse muka ga garkensu suna gangarowa ruwa. Ba mu iya ƙirgawa ba. Ƙasa ce kawai ke motsi. Ranar ka ce mini, "Yohanna, wannan naman ba zai ƙare ba har duniya ta naɗe." Wannan kam da idona na gani, ba wanda ya fassara mini.

Ka tuna kuma ranar da mutanen Kaduna suka zo suka ce kurmin ya zama gandu, ba farauta, ba sara, za a gina masaukin baƙi mai ɗaki huɗu, mutane za su riƙa zuwa kallon namun daji. Ka sa na maimaita maka sau uku. Ka ce, "Malam, nama dai da na sani? Mutum ya hau jirgi tun daga Ikko, ya zo ya kalli nama, ya koma da yunwarsa?" Amma da aka ba ka kaki da hula, kai ne ka fi kowa tsare kurmin nan. Har ƙanenka ka ƙwace wa tarko.

Ni kuwa da na ajiye alli, aka ce in zama tafinta. Baƙi su sauka a tashar Kafanchan, Turawan ma'adinai daga Jos, na masaƙa daga Kaduna, malaman kwaleji da matansu da kwandunan abinci. Kai a gaba da sanda, ni a baya da Turanci. Ka tsuguna ka nuna ƙasa ka ce, "Ta wuce da asuba, babba ce, namiji na biye." Ni kuma in juya musu, har da ƙarin gishiri nawa na malamin makaranta.

Daga baya abin ya fara zubewa, kai ma ka sani. Bayan yaƙin basasa bindigogi suka yi yawa a hannun mutane, irin waɗanda ba a ɗura musu gari. Motoci su shigo ta bayan dutse, su fita da kaya an rufe da tamfol, kai kuma sandarka kaɗai gare ka. Ruwa ya cinye gadar katako, aka yi ta rubuta takarda ba amsa. Kukun masauki ya ji ana rabon aiki a birni tun da kuɗin mai ya shigo, ya rataye tukunyarsa ya tafi. Ɗaki biyu suka fara yoyo, jemagu suka karɓi na uku. Turawan ma suka yi ta komawa ƙasarsu, namu masu sabon kuɗi kuwa in sun samu hutu jirgin sama suke nema, ba kurmi da ƙudan tsando ba. A shekarar da aka sauya wa jiharmu suna, sai mu yi wata biyu ba mu ga baƙo ba.

Amma sawu bai taɓa yankewa ba. Wannan ne ya kamata ya ba ni mamaki tun tuni, bai ba ni ba.

Yanzu ina zaune ina tona kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa cikin acca. Me ya sa duk ranar da baƙi za su shiga, sai ka riga mu da sassafe ka ce za ka duba hanya? Me ya sa kullum sawun a wuri uku yake, mashaya, gindin ɗorawa, da mararrabar da ta nufi dutse? Kashin ɓaunar da kake sa baƙi su taɓa su ji ɗuminsa, me ya sa abotarka da Fulanin rugar gabas ta yi ƙarfi a daidai shekarun nan? Har wannan ɓarin da muke ji cikin ciyawa, ka ɗaga hannu ka ce, "Kun ji? Ta shaƙi warinmu, ta tafi." Mene ne shi? Akuyar wa ka ɗaure?

Akwai wata Baturiya tsohuwa da ta durƙusa cikin laka da siket ɗinta, ta auna sawun da matajin kanta, ta zana shi a littafi. Ta ɗago ta tambaye ni ko na tabbata na yau ne. Na dafa ƙirji na ce na yau ne. Ni, dattijon ikilisiya, mai riƙe faranti ranar Jibin Ubangiji. Kana tsaye a gefe kana shan taba, ko ƙifta ido ba ka yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ban san ranar da ka fara ba. Da ka sa an rubuta mini ko da a jikin buhun ne, daga shekara kaza, da na raba kwanakina biyu, na san waɗanda na faɗi gaskiya da waɗanda aka ari bakina. Yanzu duka sun cakuɗe. Har sawun farko-farko, da na san na gaske ne, na fara yi musu kallon gefen ido.

To, ga inda maganar ta kai. Ranar Talata mai zuwa kwamiti zai zo daga Kaduna, mutum uku. Tambayarsu ɗaya ce: akwai ɓauna a Kurmin Gora ko babu? In akwai, gandu ya zauna, ƙila ma a gyara gada. In babu, a cire allon, a ba masu katako. Hakimi ya ce ni zan yi magana, don kai ba ka nan, kuma wai ba a taɓa kama Malam Yohanna da ƙarya ba. Da na ji haka sai na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Akwai wani ɗan kwangilar katako da ya fara gaishe ni tun watan jiya. Mutumin da a da ko na yi atishawa a gabansa ba ya juyowa, yanzu har gida yake zuwa tambayar gwiwata. Ya sauke bandir ɗin kwanon rufi a harabar majami'a ya ce na Ubangiji ne. Pasto ya yi godiya daga bagade, mata suka yi guɗa. Ni dai na lura kwanon bai iso ba sai da aka sa ranar kwamiti. Shekaranjiya ɗan kwangilar ya ce mini, "Baba, ai kowa ya san ba komai a kurmin nan sai birai, gaskiya kawai za ka faɗa." Ban taɓa jin kalmar gaskiya ta yi mini wari a bakin mutum ba sai ran nan.

Ka san abin da ke cikin kurmin ban da ɓauna. Idon ruwan da ke ƙarƙashin manyan itatuwan maɗaci, shi ke riƙe rafi har ƙarshen rani, ƙauye uku ke sha. Mun ga abin da ya faru a hayin kudu da aka sare nasu: yanzu matansu tun watan biyu suke tonon yashi da ƙwarya. Na san don wannan ka yi. Ban ce ban sani ba. Amma kwamiti ba a aiko su tambayar ruwa ba. A takardarsu ɓauna aka rubuta, don baƙo ba ya hawa jirgi ya zo kallon mata suna ɗiban ruwa.

Ranar Juma'a da ta wuce, bayan ruwan da aka kwana ana yi, na ɗauki sandata da hantsi na shiga, in yi wa wurin kallon ban kwana. Na tsallake inda gada take a da, na bi ta bayan masauki, na gangara mashaya.

Ayuba, sawu na tarar. Sabo fil, ruwa bai gama taruwa a ciki ba. Ya fito daga ciyawa, ya sauka bakin ruwa, ya juya ya hau tudu. Ga manya, ga wani ɗan ƙarami a gefe kamar na maraƙi.

Wata biyar ke nan kana kwance a bayan majami'a.

Ban san gwiwata na iya sauri haka ba. Na iso gida na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, inda na kulle kofatanka tare da takardar shaidar malanta, mabuɗin kuwa a wuyana yake kwana. Na buɗe. Huɗu cif, a bushe, har gizo-gizo ya yi saƙa a kan ɗaya.

Tun ran nan kowa da idon zargi nake kallonsa. Ranar Lahadi na ga jar laka a gefen zanen Saratu, alhali gonarta baƙar ƙasa ce. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon sama. Masassaƙin da ke yi mana turmi ya hango ni ya canza hanya. Zumuntar mata kuwa suka yi waƙa da ƙarfin da ban saba ji ba, suna buga tulu kamar masu rufe wata magana. Ƙila kowa a garin nan ya sani tun shekaru, ni kaɗai aka bari a duhu don a samu mai rantsuwa da zuciya ɗaya. Ƙila kuma zanen Saratu a hanyar kasuwa ya ɓaci, masassaƙi bashin gaisuwa yake gudu, ɓaunar kuma da ta ji shiru, ba mota ba baƙi, ta dawo da ɗanta shan ruwa. Kai ba ka sassaƙa kofaton maraƙi ba. Ko ka sassaƙa ka ba wani?

Na yi niyyar tambayar Saratu. Na kai har ƙofar gidanka, na ji tana daka, na tsaya. Sai na ga in na tambaya ta amsa, na rasa abu ɗaya da ya rage mini, wato ban sani ba. Na juyo.

Ga abin da zan yi ranar Talata, ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce na ci amanarka a ɓoye. Zan ɗauki buhun nan in juye shi a kan teburin kwamiti, gaban hakimi, gaban mai katako. Zan ce abokina ya yi wannan, ni kuma na sayar da shi da Turanci ban sani ba, kuma rabona da ganin ɓauna da idona tun kafin yaƙi. Sa'an nan zan ce, waɗannan huɗun wata biyar suna kulle a akwatina, amma ranar Juma'a na ga sabon sawu a mashaya. Na wane ne, ban sani ba. Ku cire takalmanku masu sheƙi ku je ku duba.

Ƙila su ji rabin farko su rufe littafi, zarto ya shiga kafin Kirsimeti, sunanka ya zama abin dariya a kasuwa, Saratu ta daina amsa gaisuwata. Na auna wannan, kuma yana hana ni cin tuwo. Amma ba zan iya tsayawa in dafa ƙirji karo na biyu ba.

Sai da na rubuta wannan shawara na karanta ta, wani zargi ya taso mini wanda ya fi sauran duka. Kana da murhu a gida, Ayuba. Icce huɗu ba sa kai ruwa ya tafasa. Kana da rafi, kana da masai. Ba ka ƙone ba, ba ka jefar ba, ka ce a kai wa mutum ɗaya a garin nan da ka tabbata ba zai iya ɓoyewa ba. Ka san zan tona. Ka kuma san mutumin da ya tona asirin amininsa da bakinsa, in ya ce ya ga sabon sawu, ba mai ƙaryata shi. Tsohon maharbi, ashe tarkonka na ƙarshe ni ka ɗana, ga ni kuma ina tafiya cikinsa da ƙafata, ido buɗe, don ba wata hanyar da zan bi in zauna lafiya da Mahaliccina.

Na so in yi fushi da kai har ƙarshen takardar nan, abin ya ƙi. Ina kewar warin tabarka. Ina kewar yadda kake kirana Malam a gaban mutane, in mun keɓe ka ce kai Yohanna rufe mana baki tsuntsaye na magana.

Ubangiji Allah ya gafarta maka abin da ka sassaƙa, ya gafarta mini abin da na fassara. Ya ba mutum ukun nan haƙurin taka laka. Ya tsare idon ruwan, ya tsare Saratu, in kuma akwai wata halitta mai numfashi da ke saukowa mashaya da ɗanta, ya rufe ta daga idon masu bindiga. Ya ba ka hutu har ranar da za mu sadu, cikin sunan Yesu Almasihu, amin. Ran nan kam, kafin mu gaisa, sai ka gaya mini shekarar da ka fara.

Ni ne naka, wanda bai gama yarda da kai ba kuma bai daina ƙaunarka ba,

Yohanna, tsohon malami.